Gobara Daga Kogi: Abin Da Gida Ke Buƙata Lokacin Wutar Daji Da Bayanta

Idan Bahaushe ya ce "gobara daga kogi", yana nufin masifar da ta ɓullo ta inda ba a yi tsammani ba. Mu mazauna Gabon, kusan a ce da mu aka yi wannan karin magana. Ƙasa ce da kurmi ya lulluɓe kusan kashi 88 cikin ɗari nata, kuma ruwan saman da ke zuba a Libreville cikin shekara guda ya kusa mita uku, wato ya ninka na Maraɗi sau biyar. Saboda haka idan ana maganar tanadi a gidajenmu, ambaliya ce ke fara zuwa zuciya, sai yoyon rufi da zazzaɓin sauro. Da wuya magidanci ya tara iyalinsa ya tambaye su: in wuta ta taso daga ciyawar bayan gida cikin daren nan, wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun Kaka, kuma ta wace hanya za mu fita?

Wannan tambaya ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, abubuwan da gida ke buƙata a sa'ar da wuta ke ci ba su da yawa, amma dole a tanade su tun kafin ranar. Abubuwan da yake buƙata bayan wuta ta mutu kuwa suna da yawa, suna daɗewa, kuma gida ɗaya ba ya iya ɗaukarsu shi kaɗai.

Inda wuta ke ci a ƙasar ruwa

Kurmi mai laima ba ya kama wuta da sauƙi, amma ba duk Gabon ce kurmi ba. Akwai manyan filayen ciyawa a kudu da kudu maso gabas: a Nyanga wajen Tchibanga inda ake kiwon shanu, a Ngounié wajen Mouila da Ndendé, da tuddan Batéké a Haut-Ogooué, gabas da Franceville. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Owendo zuwa Franceville a watan Agusta ya ga filayen Lopé sun yi baƙi ƙirin. A can ma da gangan ake ƙonawa. Gandun Lopé, ɗaya daga cikin gandaye 13 da aka kafa a 2002, masu kula da shi kan sa wa ciyawarsa wuta bisa tsari kowace shekara domin kada kurmi ya haɗiye filin. A wajen gandun kuma mafarauta da manoma na cinna tasu, wadda ba koyaushe take tsayawa inda aka so ba.

Lokacin wannan wuta shi ne babban rani, daga Yuni zuwa Satumba. A nan ne lissafinmu ke ruɗewa. A ƙasar Hausa wutar daji abokiyar hunturu ce, tana zuwa bayan kaka, sa'ad da karmami da ciyawa suka bushe. Watannin da zuciyarmu ta saba kira damina, su ne a nan ciyawa ke zama makamashi.

Libreville ma ba ta tsira ba. Birnin ya miƙe ta hanyar Ntoum, ta Bikélé da Essassa da Nkoltang, ya kuma nufi Akanda da Cap Estérias, inda sababbin gidaje ke maƙwabtaka da gonakin rogo da filayen da ba a gina ba. A ƙarshen rani ne manoma ke ƙona sheƙar gona kafin ruwa ya sauka, a lokacin ne kuma ake cinna wa shara wuta a kowane lungu. A cikin gari, a unguwanni irin su Akébé, Kinguélé, Nkembo da Avéa, gidajen katako sun jingina da juna a kan tudu da kwari, hanyoyinsu kuma ba sa ɗaukar motar 'yan kwana-kwana. Wutar da ta shiga irin wannan unguwa tana tafiya kamar yadda take tafiya a ciyawa, daga rufi zuwa rufi. 'Yan kasuwarmu na Mont-Bouët, waɗanda suka ga gobara fiye da sau ɗaya a wannan kasuwa, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Halin wutar daji

Abubuwa uku ke tuƙa ta: busasshen makamashi, iska, da tudu. Ciyawa ta fi itace saurin kamawa nesa ba kusa ba. Al'ummarmu ta ɗanɗani ɗacin haka a Nuwamba 2021 a Maraɗi, inda azuzuwan makaranta na zana da ciyawa suka kama, yara fiye da 20 suka rasu kafin a kai musu ɗauki. Tudu kuma yana ƙara mata ƙarfi, domin zafinta na busar da abin da ke samanta tun kafin harshenta ya isa. Masana sun auna cewa hawan da ya kai digiri 10 yakan ninka gudunta. Wanda gidansa ke saman kwari mai ciyawa, lokacin da yake da shi bai kai rabin na maƙwabcinsa na ƙasa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba harshen wuta ne ya fi cinna wa gidaje ba, tartsatsi ne. Iska kan ɗauki garwashi ta jefa shi gaba da nisan ɗaruruwan mitoci, wani lokaci fiye da kilomita guda, ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko kan katifar da aka shanya, ko cikin tarin kwali a bayan shago. Shi ya sa gida kan kama alhali masu shi na tsaye suna kallon wuta can nesa.

Sai hayaƙi, wanda a gobarar cikin gida shi ya fi wutar kanta kisa. Yana ɗauke da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke ratsawa har can cikin huhu, da kuma iskar guba marar wari wadda ke sumar da mutum. Jarirai, tsofaffi, mata masu ciki, masu asma da masu ciwon zuciya, su hayaƙi ke fara kayarwa, ko da wutar ba ta iso unguwarsu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tanadin farko a wajen gida yake. A ƙasar Nijar, a yankunan makiyaya na Tawa da Maraɗi da Damagaram, da zarar damina ta ɗauke akan fitar da mutane su share dogayen hanyoyi masu faɗi a tsakiyar ciyawa, waɗanda ake kira pare-feu da Faransanci, domin in wuta ta iso ta rasa abin ci. A yankunan Faransa masu hatsarin gobara, doka ta wajabta wa mai gida ya sassabe mita 50 kewaye da gidansa. Filayenmu na nan ba su kai haka ba, amma hikimar ɗaya ce. Tun watan Yuni a sare ciyawar da ke jikin bango, a kwashe ta a kai nesa, a share rufi da indararo, a raba itacen girki da tsofaffin tayoyi da jarkokin fetur da jikin ɗaki. In filin maƙwabci ne ya cika da ciyawa, a yi masa magana cikin mutunci, ko a bi ta hannun mai unguwa a yi aikin gayya. Wanda zai ƙona shara ko gona ya yi da sassafe kafin iska ta tashi, da bokitin ruwa a kusa, kuma kada ya bar wurin sai tokar ta huce.

Tanadi na biyu jaka ce guda ɗaya, wadda mace za ta iya rataya ta kuma goya yaro. A ajiye ta kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san wurinta. Ga abin da ya kamata a samu a ciki:

1. Takardu cikin leda mai rufewa: takardun haihuwa, fasfo, katin ɗan ƙasa ko katin zama na carte de séjour, katin CNAMGS, takardar aure, takardun fili ko yarjejeniyar haya, shaidar karatun yara da katin rigakafinsu.
2. Maganin mako guda ga mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila, tare da takardar likita.
3. 'Yan kuɗi a hannu, da canji a ciki.
4. Tocila, cajar waya, da lambobin 'yan'uwa a rubuce a takarda.
5. Ruwan sha, dabino ko biskit, da abincin jariri.
6. Tufafi canji ɗaya ga kowa, da takunkumin hanci irin FFP2.

A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a aika wa wani amintacce da ke wata unguwa ko wani gari. 'Yan kasuwa su haɗa da littafin bashi da na ajiyar amana, domin in littafin nan ya ƙone, ba dukiya kaɗai ke salwanta ba, har zumunci na iya shiga ciki. Kuɗi masu yawa kuwa ba su da wurin kwana a ƙarƙashin katifa. Banki ko asusun waya ya fi musu.

Tanadi na uku shawara ce, ba ta cin ko sisi. Iyali su san hanyoyin fita biyu daga gida, biyu daga unguwa, da wurin haɗuwa guda ɗaya, kamar harabar masallaci ko filin makaranta. A raba aiki da suna: wance ce mai jariri, wane ne mai rufe tukunyar gas da kashe mita. Tagogi masu ƙarfen tsaro su zama akwai ɗaya da ke buɗewa, makullinta kuma a rataye inda yaro zai iya kaiwa. Kada a taɓa kulle yara a ɗaki a tafi kasuwa ko unguwa. Lambar 'yan kwana-kwana, 18, a rubuta ta a bango, a kuma koya wa yara yadda za su kwatanta gidan da wata alama sananniya, tun da yawancin lungunanmu ba su da suna.

Sa'ar da wuta ta taso

Abu mafi tsada a wannan sa'a shi ne lokaci. Manyan gobarar da duniya ta gani a 'yan shekarun nan duk darasi ɗaya suka bari. A Mati ta ƙasar Girka, a Yuli 2018, mutane fiye da 100 suka rasu, da yawansu cikin motocin da suka cunkushe a ƙananan tituna ko a ƙafa suna neman hanyar teku. A Lahaina ta tsibirin Hawai, a Agusta 2023, kusan mutum 100 suka rasu, nan ma hanyoyin fita sun toshe. A yankin Kabiliya na Aljeriya, a Agusta 2021, aƙalla mutum 90 wuta ta ci, har da sojojin da suka je ceto. Waɗannan wurare sun fi unguwanninmu tituna da motocin kashe gobara, duk da haka wuta ta riga mutane. Saboda haka da zarar an ga hayaƙi na nufo gida, ko toka ta fara sauka a tsakar gida, a fitar da yara, tsofaffi da marasa lafiya nan take, ba sai an jira wani ya ba da umarni ba. Fitar da ta zama ta banza ba ta da asara.

Kafin a fita, in da sarari, a rufe tukunyar gas, a kashe wutar lantarki, a rufe ƙofofi da tagogi ba tare da an sa makulli ba, a kwance dabbobin da ke ɗaure. Wanda ya fita kada ya koma domin talabijin ko akwatin lefe. A sa tufafin auduga masu rufe jiki da takalmi rufaffe maimakon silifa. Muna jan hankalin iyayenmu mata musamman: hijabi da mayafi da leshi na roba suna narkewa su manne wa fata, zanen atamfa na auduga ya fi su aminci a irin wannan hali. In tufafin mutum suka kama, kada ya gudu, gudu na hura wutar. Ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima, na kusa da shi su lulluɓe shi da bargo.

A bi gefen wuta ko ƙasan tudu, kada a hau sama a gabanta. Wanda ta rutsa da shi ya nemi fili marar ciyawa, ko titi mai faɗi, ko bakin ruwa, ko wurin da ya riga ya ƙone, ya kwanta rub da ciki ya rufe jikinsa. A cikin ɗaki mai hayaƙi a yi rarrafe, domin iska mai kyau a ƙasa take. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana rage zafi da baƙin toka, amma ba ya tare ƙura mai laushi ko iskar guba, don haka kada ya ruɗi mutum ya tsaya. Matasa masu ƙarfi na iya kashe ƙananan tartsatsi da ruwa, ƙasa ko ɗanyen ganye, matuƙar suna da hanyar gudu a bayansu. Wutar mai da ta lantarki kuwa ba a zuba musu ruwa, yashi ake sa musu.

Ga wanda ya ƙone, magani na farko ruwa ne. A riƙa kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan wurin har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, sauran jikin kuma a lulluɓe shi kada sanyi ya kama yaro. Kada a shafa man goge baki, manja, ɗanyen ƙwai, gishiri ko toka, kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu ko al'aura, da kowace ƙuna a jikin jariri, ta asibiti ce. Haka wanda muryarsa ta dushe ko gashin hancinsa ya babbake, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin maƙogwaro na iya kumbura bayan sa'o'i.

Kwanakin farko

Da wuta ta mutu zuciya kan ja mutum zuwa kangon gidansa. A daure sai 'yan kwana-kwana sun ba da izini. Garwashi na iya kwana a ƙarƙashin toka, bangon bulo da ya sha zafi na iya ruftawa, wayar lantarki da ta faɗi kuma ba a taɓa ta sai ma'aikatan SEEG sun zo. Tukunyar gas da wuta ta lasa ba a sake ɗora mata girki, a mayar wa dillali. Tokar gida ba irin tokar murhu ba ce, tana ɗauke da ragowar roba, fenti da batir; a yayyafa mata ruwa kafin a share, a sa takunkumi da safar hannu, a kuma hana yara wasa a ciki.

Ruwa shi ne buƙata ta farko. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi lita 15 ne ga kowane mutum a rana, domin sha, girki da tsarki, wato gida mai mutum takwas na neman jarka shida masu lita 20. Ruwan da ke cikin duro ko tankin roba da ya sha zafi ba a sha. Bayan gobarar garin Paradise ta Amurka a Nuwamba 2018, an gano sinadarin benzin mai guba a cikin bututun ruwan garin, tafasawa kuma ba ta gyara irin wannan ruwa. Abincin da hayaƙi ya ratsa, da gwangwanin da ya kumbura, da maganin da ya sha zafi, musamman allurar ciwon suga, duk a zubar.

Sai makwanci. Iyalin da suka rasa gida suna buƙatar ɗaki mai ƙofa, tabarma ko katifa, gidan sauro, buta, sabulu, tukunya da murhu. Mata na buƙatar sutura da ƙunzugu da wurin da za su keɓe, abubuwan da kunya kan hana su roƙa, saboda haka mata ne ya kamata su je su tambaye su. Kada a kunna janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki, domin iskar gubar nan da muka ambata ta sha kashe iyali guda cikin barci. A tuna kuma ƙarshen lokacin wuta a nan shi ne farkon damina. Rumfar leda da aka kafa a Satumba za ta gamu da ruwan Oktoba, tudun da ciyawarsa ta ƙone kuma ba ya riƙe ƙasa, yana iya zaftarewa.

Bayan masu jaje sun watse

Mako na farko gida kan cika da masu jaje da kwanukan abinci. Wahalar gaske a mako na uku take farawa, lokacin da kowa ya koma harkarsa. Dattawan zangunan Gana suna tuna shekarar 1983, sa'ad da fari da wutar daji suka cinye gonakin koko da na abinci. Wutar ta mutu cikin makonni, amma yunwar da ta biyo bayanta ta ɗauki watanni. Haka abin yake ga gida ɗaya.

Takardu ne kan gaba. Ga baƙon da ke zaune da katin zama, ƙonewar katin nan na nufin fargaba a kowane shingen bincike, ba ya kuma iya cire kuɗi a banki ko karɓar saƙo. Tun kafin a share kangon a ɗauki hotunansa, a nemi takardar shaidar gobara daga 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda, a yi sanarwar ɓatan takardu a caji ofis. Da waɗannan ne za a doshi ofishin magajin gari domin takardun haihuwa, da hukumar DGDI, wadda har yau jama'a ke kira CEDOC, da ofishin jakadancin ƙasar mutum. A nan ne hotunan da aka aika wa ɗan'uwa ke rage tafiyar watanni. Mai inshora ya sanar da kamfaninsa nan da nan, domin wa'adin sanarwa kwanaki ƙalilan ne, sau da yawa biyar. Takardun kuɗin da wuta ta ci gefensu kada a zubar, a kai su babban bankin BEAC a nemi canji.

Sai haya. Yawancinmu 'yan haya ne, sabon ɗaki a Libreville kuma yana neman kuɗin wata da na jingina a dunƙule, a daidai lokacin da aljihu ya bushe. Ga makaranta da ke buɗewa a Satumba, da littattafai da tufafin yara da suka zama toka. Ga jari: tela ba keke, mai tuya ba kasko, mai shago ba kaya, alhali bashin dillali na nan bai ƙone ba. Manomin Ntoum kuma yana neman irin rogo da 'ya'yan ayaba kafin ruwa ya wuce shi.

Akwai kuma raunin da ba a gani. Yaro na iya komawa fitsarin kwance, ko ya riƙa firgita da dare, ko ya ƙi kusantar murhu. Ba duka yake buƙata ba. A saurare shi, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a mayar da shi makaranta da wuri. In wasan ashana na wani yaro ne sanadi, kada a mai da shi abin nuni a unguwa. Magidancin da ya saba bayarwa, yau ya wayi gari yana karɓa, shi ma yana buƙatar wanda zai zauna da shi. Wanda rashin barci da ƙunci suka wuce masa wata guda, a raka shi wurin likita, babu abin kunya a ciki.

Rabonmu mu maƙwabta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai taimako ma yana da ladabi. Bayan kowace gobara tsofaffin tufafi kan taru har su rasa wurin ajiya, alhali abin da iyalin ke nema shi ne kuɗin haya da maganin Baba. Mu fara da tambaya: me kuka fi buƙata? A mafi yawan lokuta kuɗi a hannu sun fi kaya amfani, domin mai gida ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo. Abin da za mu bayar ya zama wanda mu ma za mu iya sawa. A bayar a asirce, ba tare da ɗaukar hoton mai karɓa ana yaɗawa a waya ba. Wanda jiya yake fitar da zakka, yau yana iya zama cikin masu karɓarta, kuma irinsa ba ya buɗe baki ya roƙa. Sai an bi shi har inda yake.

Muna ba da shawarar kowane masallaci da kowace ƙungiyar adashi ta mata su ware ɗan asusun gobara, ko da sefa 500 ne kowane gida a wata, da mutum biyu amintattu masu riƙe lissafi a rubuce. A san tun yanzu gidajen da ke da ɗakin saukar baƙi, da mai motar da za a iya tasa da tsakar dare, da wanda ya iya Faransanci ya kuma san ofisoshi domin rakiyar masu neman takardu. A raba taimakon gida uku: na makon farko, na wata na biyu, da na mayar da jari. Mai bin bashi ya jinkirta, in da hali ya yafe wani abu. Matasanmu su nemi horon taimakon gaggawa wurin ƙungiyar Croix-Rouge ta Gabon. Kuma tun da wuta ba ta tambayar ƙabila ko addinin mai gida kafin ta shiga, taimakonmu ya game duk maƙwabcin da abin ya shafa.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna roƙon kowane magidanci da uwargida, kafin wannan mako ya fita, su zauna da yara bayan sallar isha'i su amsa tambayar da muka fara da ita, su haɗa jakar nan, su kuma leƙa bayan gida su ga tsawon ciyawa. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu daga gobara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.